Kunne Ya Je Koyon Magana

A gyara zama, jama'a. Mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, mai waya ya kife ta. Ga babban likitan kwampiresa, sarkin hawa tsani ba a riƙe masa, mutumin da zafi ke hangowa ya canza layi. Shekararsa ashirin da uku yana sanyaya ɗakunan mutane, alhali nasa ɗakin fanka ce mai fiffike biyu da rabi, ita ma sai an zungure ta da sanda take tashi. Mai gyaran esi, mai gyaran hita in sanyi ya shigo, mijin yayata ba da shawarata ba: Kunne.

Sunan ba na yanka ba ne, abokan sana'a suka laƙaba masa ya bi shi. Shi ba ya fara taɓa na'ura. Zai shigo ɗaki ya ce a kunna, ya karkatar da kai, ya lumshe ido kamar mai tuna inda ya ajiye makulli. Kafin mai gida ya gama ba da labarin yadda abin ya fara, Kunne ya fice ya zaga bayan gini da tsaninsa. Can sai a ji ƙwas-ƙwas, iska mai sanyi ta fara sauka. Ya dawo yana goge hannu a wando.

"Me ya same shi?"

"Ɗan abu ne."

"Wane abu?"

"An gama."

Iyakar hirarsa da mai kaya ke nan, ko da kuwa awa huɗu ya yi a kan rufi rana na gasa masa ƙeya. Yayata ta ce lokacin da yake zuwa zance wajenta ma, firjin gidanmu ya fi saurara.

To, akwai wani da ya yi shekara shida a hannunsa. Kunne ne ya koya masa buɗe bakin bututu ba tare da ya tsage ba, da neman inda gas ke tsiyaya da ruwan sabulu, da yadda ake naɗe bututu kada ya yi gumi a jikin bango. Da ya ƙware aka rabu lafiya, ya yi aure, ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi kusa da mai walda. Shekara uku ba wanda ya ji kansu. Kowa da babur ɗinsa, kowa da tsaninsa ɗaure a baya, wani lokacin ma yaron ya tsallako aron geji na auna gas, ya durƙusa ya ce Maigida ina kwana.

Sai kamfanin da ke sayar musu da na'urori ya shirya horo na kwana uku, wai a koya wa masu gyara dabarun sayarwa. An aiko wa Kunne takardar gayyata shi ma. Ya juya ta gaba da baya, ya ƙunshe noti a ciki.

"Esi ba ya jin daɗin baki," in ji shi.

Na tsallake kuwa ya tafi. Ya tafi da riga mai maiƙo, ya dawo da fara ƙal da sunan shagonsa a ƙirji, kuma tun daga ranar layin ya manta sunansa ya koma Farar Riga. In ya je gidan mutum sai ya tsaya a bakin ƙofa ya zura leda a kan takalmansa, kada ya ɓata wa matar gida tsakar ɗaki. Ba na'ura yake fara tambaya ba, mutane yake tambaya. Wane ɗaki ya fi zafi? Wa ke kwana a ciki, tsohuwa ce ko jinjiri? Ƙarfe nawa rana ke dukan tagar nan? Ya zauna, a kawo masa ruwa ya sha, ya buɗe wata baƙar jaka ya fito da hotuna, ya ce ga hanya uku, kowacce ga amfaninta ga aibinta, ku zaɓa. Mutumin da ya kira shi a ɗura masa gas kawai, sai ga shi ya rako shi har bakin titi yana tambayar yaushe za a kawo sabon.

Kafin shekara ta zagayo ya jingine babur ya sayi farar mota mai rufi. A jikinta an zana wani iyali, uba da uwa da 'ya'ya biyu, duk baki har kunne kamar sanyi ne ya ba su labarin dariya.

Kunne ya juya bencinsa ya ba titi baya. Sai dai akwai ƙofar wani tsohon firji mai gilashi jingine a cikin shagon, tana nuna tsallaken titi tas, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya matsar da ita.

"Yau sau biyar ta fita," ya ce wa yayata wata rana, yana wanke hannu.

"Wa?"

"Motar."

"Au, aikin da ka yi yau ke nan? Sannu da ƙoƙari."

"Ni ina ruwana da motarsa. Tayar baya ma ba iska."

"Baban yara, kai fa ka koya masa. In ya yi kyau ai sunanka ne."

"Sunana ne a jikin motar?"

Ta ajiye masa abinci ta yi gaba.

Abin ya tsaya masa a rai sosai ranar da ya bi ta gaban shagon wani tela da ya shekara tara yana yi wa gyara, ya hangi sabon esi a bango. Ya faka babur ya tsaya a ƙarƙashinsa yana neman aibi. Ya duba ƙarfen da ya ɗauke shi, a miƙe yake. Ya duba bututun ruwa, ya gangara daidai yadda ya kamata. Ya duba naɗin, sai ya ga har ɗan lanƙwasa bakin salatif ɗin da shi kaɗai ke yi a garin nan, an yi. Wannan ya fi komai ƙona shi. Da aikin banza ne, da ya samu abin faɗa ya huce.

Tela ya leƙo da awo rataye a wuya, yana sosa ƙeya.

"Kunne, ka yi haƙuri. Zaunar da ni ya yi, ya yi min bayani har na gane. Kai kuwa shekara tara ɗan abu kawai nake ji."

"Tsohon esin ya taɓa ƙin sanyi?"

"Bai taɓa ba."

Kunne ya tashi babur ya tafi ba sallama.

Duk wannan da sauƙi, tun da akwai wani masaukin baƙi a hannunsa. Gini ne mai hawa uku a bayan tashar mota, da esi talatin da huɗu masu sanyi da ɗumi, kuma shekara goma sha huɗu Kunne ke kula da su. Kowane wata zai zaga ɗaki-ɗaki, ya wanke, ya saurara, ya hau rufi. In lokacin sanyi ya zo waya ta yi shiru, masaukin nan ne ke riƙe da tukunyar gidansa. Dattijon da ya gina wurin bai taɓa tambayarsa komai ba, in an ce ɗan abu ne to ɗan abu ne. Amma gwiwa ta kayar da dattijo, ya miƙa wa 'yarsa makullai. Ita kuwa ta yi karatun harkar otal, tana yawo da ƙaramar kwamfuta a hammata, ko da yake tun tana 'yar ƙarama take kai wa Kunne ruwa a gindin tsani, har yau Baba take ce masa.

Ita ta kira shi.

"Baba, kafin in sabunta yarjejeniyarmu ina so in ji shawarar mutum biyu a kan na'urorin nan. Kai da wannan na tsallakenka. Litinin ta sama, ƙarfe goma."

"To," in ji Kunne.

Ta kashe. Ya daɗe riƙe da wayar a kunne yana kallon ƙofar firji. A ciki ga Farar Riga can yana wanke motarsa, har yana goge haƙoran iyalin nan da tsumma.

Aka yi dace, ko rashinsa, a satin ne kamfanin ya sake buɗe horon. Kunne ya ce wa yayata ya samu wani aiki na kwana uku a bayan gari, jeka-ka-dawo, a goge masa rigarsa ta zuwa taro.

"Wane esi ne wannan da sai an yi masa guga?"

"Na manya ne."

Zauren taron cike yake da masu gyara, sun kai arba'in, kowa na kawar da kai kada na kusa ya gane shi. Wanda aka haɗa ido da shi sai ya ce rakiya ya yo. An manna wa kowa takarda a ƙirji. Mai horon wani siririn mutum ne da makirufo maƙale a kumatu, hannunsa luƙwi kamar bai taɓa gaisawa da sifana ba. Kunne ya zauna can baya ƙarƙashin esin zauren, kuma awar farko ba abin da ya ji sai fankar ciki da ke ɗan gogar wani abu duk zagaye. Ya yi ta danne kansa kada ya miƙe ya nemi tsani.

Ana cikin haka aka kashe fitila aka haska bango. Sai ga Farar Riga, ƙato kamar ƙofar gareji, ya jingina da motarsa ya ɗaga babban yatsa.

"Wannan ɗalibinmu ne na bara," in ji mai horo. "Da babur ya zo nan."

Aka sa tafi. Na kusa da Kunne ya zungure shi.

"Ba yaronka ba ne?"

"Na san shi dai."

Rana ta biyu aka ce a yi gwaji bibbiyu, ɗaya mai gyara ɗaya mai gida. Aka haɗa Kunne da wani ƙaton mai gemu, aka fito da su gaba. Mai gemu ya ɗaura tawul a ka, ya riƙe ƙugu, ya siranta murya.

"Malam, esina ba ya sanyi, kuma surukata na zuwa jibi."

"Kunna."

"Baba, ba esi a nan," in ji mai horo. "Tambaye ta yadda take ji."

Kunne ya dubi gemun nan sama da ƙasa.

"Yaya kike ji?"

"Zafi."

"To kunna."

Zaure ya kece da dariya, wani har da dukan tebur. Mai horo ya bari suka lafa, sannan ya matso kusa da Kunne, ya rage murya.

"Baba, a ina kake aikinka?"

"Bayan gini. Kan rufi."

"Mai gida yana hawa rufi?"

"Me zai kai shi?"

"To me ya gani? Ya ga shigarka, ya ga fitarka, ka ce masa ɗan abu ne. Shi kuma ya yarda da kai. In ɗan abu ne, kowa ma zai iya. Kai da bakinka ka gaya masa. Sauko masa da rufin, Baba. Abin da ka cire ka ɗora masa a tafin hannu, ya ji nauyinsa, ya shaƙi ƙaurinsa." Ya juya ga sauran. "Yau nunawa muka koya. Gobe za mu koyi abin da ake faɗa bayan an nuna, da abin da ba a nunawa ko da wasa."

Maganar ta shigi Kunne har ƙashi. A hanyar gida sau biyu ya wuce kwanar layinsu. Ashe ba aikin Farar Riga ne ya fi nasa ba, ba ma bakinsa ba ne. Gani ne kawai ba a yi wa nasa.

Kashegari da sassafe wani mai kantin magani ya kira, esinsa ya mutu, ga magungunan da ba sa son zafi. Kunne bai taɓa ce wa mai kaya jira ba. Ya je, abin ya ƙi, ya ci shi har la'asar. Da ya isa zauren ya tarar ana ɗaukar hoto. Aka miƙa masa takardar shaida kamar kowa, ya ninke ta huɗu ya tura aljihu. Bai damu ba. A ganinsa ya riga ya kwashi mai tsokar, abin da ya rage romo ne.

A bayan shagon Kunne akwai duro biyu. Duk abin da ya taɓa cirewa daga jikin na'ura ciki yake jefawa, ba ya yarwa, wai wata rana za a nemi noti ko 'yar waya. Kuma kowanne sai ya manna masa farin salatif ya rubuta inda ya fito. Ranar Lahadi ya kifar da su duka a ƙasa, ya tsuguna yana ware na masauki. Da ya gama sun cika buhu har ba ya ɗauruwa, sai da ya ɗinke bakin da waya.

Yayata ta zo kawo masa ruwa ta ga buhu.

"Gwangwan za ka kai?"

"Shaida ce."

"Baban yara, wannan aikin na bayan gari, a can aka ce ka yi haka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Mai suna Kunne.

Litinin ƙarfe goma saura ya isa masauki da buhu a kafaɗa. Farar Riga ya riga shi shiga ofishin manaja, wato 'yar dattijon. Kunne ya zauna a kujerar jira, buhu tsakanin ƙafafunsa, yana hangen su ta ƙofar gilashi: ga baƙar jaka a buɗe, ga hotuna a baje, ga yatsu uku a sama. Sai dai manaja girgiza kai take yi. Jim kaɗan Farar Riga ya fito fuska a sanyaye, ya rusuna.

"Maigida, barka da zuwa. Ta ƙi. Na ce a canza su duka hawa-hawa, ta ce babanta ya ce lafiyarsu ƙalau, shekara sha huɗu ba abin da ya taɓa samun su sai ɗan abu." Ya yi murmushin yaƙe. "Bari in jira ka, sai in rage maka hanya da kayan nan."

Ya zauna a kujerar da Kunne ya tashi, daidai saitin gilashin.

Manaja ta miƙe ta gaishe shi, ta turo masa takarda da biro.

"Baba, ba sai na wahalar da kai ba. Na ji nasa, ban ga dalilin kashe wannan uban kuɗi ba. A ci gaba yadda ake. Sa hannu a nan."

Shi ke nan fa. An gama. Biro na hannunsa, bakin biron na kan takarda. Da mutum ne mai jin magana, da yanzu labarin ya ƙare kowa ya tafi gida. Amma Kunne ya waiga, ya hangi farar rigar nan ta gilashi, a goge, ko ɗigon gumi babu. Ya tuna hoton bango da tafin mutum arba'in. Ya tuna tela. A ce ya ci don dattijo ya ce, ba don an ga aikinsa ba? A ce yaron nan ya koma gida yana cewa tsufa aka duba?

Ya ajiye biro.

"Tsaya tukuna, ranki ya daɗe."

Ya warware wayar bakin buhu, ya ɗaga gindinsa ya zazzage a kan tebur.

Ƙarar ta sa mai shara ya leƙo. Ƙura ta tashi, ƙauri ya cika ofis, wani mataccen ƙadangare ya gangaro ya tsaya jikin kwamfutarta. Manaja ta ja kujera baya, hannu a ƙirji. Kunne kuwa ya gyara tsayuwa yadda na waje zai gan shi da kyau, ya buɗe baki, kuma abin da bai faɗa ba a shekara ashirin da uku ya ɓalle kamar an fasa tanki.

"Riƙe wannan. Ji nauyinsa. Injin fanka ne na ɗaki sha biyu, na uku ke nan da na canza masa. Wannan baƙin, shaƙi ki ji, na ɗaki bakwai ne, saura ƙiris ya kama da wuta, baƙo na barci a ciki bai sani ba. Ga bututun ɗaki ashirin, duba, wuri biyar na like shi. Na kan rufi ta gabas, ƙafarsa tsatsa ta cinye, waya ce ke riƙe da shi shekara huɗu, ni na ɗaure. Wannan allon kuwa an daina yin irinsa, kasuwa uku na je kafin in samu a wajen masu gwangwani."

Ya yi ta ɗauka yana ɗora mata a hannu. Ɗaki-ɗaki, hawa-hawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya saci kallon gilashi ya ga Farar Riga ya miƙe tsaye baki buɗe, sai ya ji wani sanyi ya ratsa shi wanda ba esin da ya taɓa ba shi.

Manaja ta ƙura wa tarkacen ido. Tana juya baƙin abin nan na ɗaki bakwai a hannunta.

"Duk daga ginin nan?"

"Duk. Wasu ma sun ɓata."

"Baba, wannan shi ne ɗan abu?"

"Shi ne," ya ce, ƙirji a gaba.

"To in ka kwanta rashin lafiya fa? Ko ka yi tafiya?"

"Ai shi ya sa ba na tafiya. Na'urorin nan, ranki ya daɗe, duk garin nan ba mai iya tashinsu sai ni. In na yi wata ɗaya ban zo ba, rabinsu sun mutu."

Ya faɗe ta yana jiran ta ce sannu. Ta ce sannun kuwa, har sau biyu, idonta ya kawo ruwa. Sannan a hankali ta sa yatsa ta janye takardar daga ƙarƙashin tarkacen, ta kaɗe ta, ta saka a aljihun tebur. Ta ɗaga hannu ta yafito na bayan gilashi.

"Dawo da hotunan nan in sake gani. Ka ce daga hawa na nawa za a fara?"

Kunne bai yarda an rage masa hanya ba. Mai shara ne ya taya shi mayar da kayan cikin buhu.

Kwana biyu bai buɗe shago ba. A gida ba ya magana, wanda ba sabon abu ba ne, amma wannan karon ko firji bai saurara ba. Yayata ta tsinci takardar shaidar a aljihun rigar taro, ta karanta, ta mayar. Ta ce min tunda take ba ta taɓa riƙe dariya da tausayi a baki ɗaya kamar ranar ba.

Rana ta uku ya buɗe, sai ga Farar Riga ya tsallako. Ya durƙusa har ƙasa a kan maiƙon shagon, bai ko duba wandonsa ba.

"Maigida, wallahi sati uku ina bin matar nan. Hoto, lissafin wuta, ba abin da ban nuna mata ba. Kai minti ashirin."

"Tashi ka ba ni wuri."

"Ba tsiya na zo yi ba. Talatin da huɗu ne, wata ɗaya ta ba ni, ni da mutum biyu. Ba za mu iya ba. Ka zo ka ja mana aikin, abin da ka ce shi za a yi."

"In yi aiki a ƙarƙashinka."

"A gabana dai."

"Ka ji shi. Wannan ma a can aka koya maka?"

Farar Riga ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai musa ba. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo kamar abin ya faɗo masa yanzu.

"To shi ke nan. Gobe za mu fara da ɗaki tara. Ta hagun taga zan huda."

Kunne ya ci gaba da goge wata sifana da ba ta da datti. Ya goge ta ciki da waje. Farar Riga ya sa ƙafa ɗaya a titi.

"Akwai bututun ruwa a nan."

"Na'am?"

"Hagun taga. Bututun banɗakin sama ne ya bi ta wurin. In ka huda sai ka yi wa hawa biyu wanka."

"To ta dama."

"Wayar wuta."

"Ka gani ko, Maigida."

Kunne ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce zai je ya nuna musu ɗaki tara kawai, ɗaki tara, ya dawo. Yau sati uku ke nan. An kawo masa farar riga sabuwa a leda, ya shimfiɗa ta a kan rufi yana zuba noti a kai kada su gangara. Ba ya shiga motar, a baya yake bin ta da babur, kuma duk inda aka tsaya sai ya gaya wa direban tayar baya ba iska.

Shekaranjiya ya manta wayarsa a gida, yayata ta aike ni in kai masa. Na same shi a kan rufin masauki, ta gabas, ya durƙusa gaban wani sabon esi fari tas yana ɗaure masa ƙafa. Can ƙasa ga Farar Riga da manaja suna zagaya gini, yana nuna mata sama da biro, tana gyaɗa kai. Na gyara murya, na miƙa masa wayar a baki kamar ɗan jarida.

"Ranka ya daɗe, mijin Yaya, masu gyaran esi na duniya sun taru suna jiran fatawarka. A matsayinka na mai takardar shaida, wannan horon sayarwa, yana aiki ko ɓata lokaci ne?"

Bai ɗago ba.

"Yana aiki mana. Talatin da huɗu na sayar masa. Matsa, ka tare min haske."